Fatsar da Sarkin Ruwa Korau Ya Karya

Masu ba da labari sun ce a wata tungar masunta da ake kira Tungar Maje, a bakin babban kogi, an yi wani Sarkin Ruwa mai suna Korau. Mutum ne mai gaskiya, sai dai zuciyarsa a kusa take, kafin a ce masa ya yi haƙuri ya riga ya gama ɓarnar. Ƙane ɗaya gare shi a duniya, Shekarau, wanda duk tungar ba mai kama ƙafarsa wajen ɗaurin ƙugiya da gyaran fatsa. Korau ya gaji sarautar mahaifinsu, Shekarau kuwa ya gaji hannunsa, da tsohuwar fatsarsa ta gora.

Al'adar tungar ita ce, in ruwa ya fara ja da baya bayan damina, ba mai jefa ƙugiya a babban gurbi sai Sarkin Ruwa ya yi jifan farko. To, a wata shekara matar Shekarau ta haihu, jego ya zo mata da rashin cin abinci, ta ce ba abin da ranta yake so sai romon ɗanyen kifi. Ana jibi za a buɗe ruwa, Shekarau ya saci jiki ya je gurbin ya kamo mata ɗaya. Magana ta kai kunnen Sarki. Ya tara jama'a a bakin kwata, ya kira ƙanensa, ya fizge fatsar daga hannunsa ya ɗora a gwiwa ya karya. Sai da ya ji ƙarar karyewar sannan ya duba ya ga ta mahaifinsu ce. Washegari Shekarau ya kwashi matarsa da jaririnsa ya haye tsibirin da ke tsakiyar kogi, ya kafa bukka.

Abin ya tsaya wa Korau a rai, don yana son ƙanen nan kamar ransa. Ya aika masa da babbar riga, ta dawo a ninke. Ya aika da buhun shinkafa, ya dawo ko ɗinkin ba a farke ba. Ya aika da sabon kwalekwale, aka turo masa shi ba kowa a ciki. Da wata uku ya cika, kewar ta koma fushi. Wata safiya ya sa aka shirya jirage huɗu da ƙarti, ya ce da an idar da azahar su haye su zo masa da Shekarau, in ya ƙi su ɗauro shi.

A bakin kwatar nan akwai wani tsohon zalɓe mai ɗingishi, wanda mahaifin Korau ya taɓa ceto shi daga ƙugiyar da ta maƙale masa a ƙafa. Tun daga ran nan Allah ya buɗe masa baki yana magana da mutanen gidan. Da ya ga Sarki zaune shi kaɗai a kan kifaffen jirgi yana huci, sai ya ɗingiso ya tsaya kusa da shi.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga jirage da igiyoyi. Dorina ce ta shigo gari?"

Korau ya ce, "Shekarau za a ɗauko mini. Na ba shi riga, na ba shi abinci, na ba shi jirgi. Me kuma ya rage ban yi ba?"

Zalɓe ya karkace kai ya ce, "Ina tsoron kada abin da ya sami Alhaji Arzika da akwatin kifayensa ya same ka."

Sarki ya ce, "Me ya sami Alhaji Arzika?"

Zalɓe ya sauke ƙafarsa mai ciwo, ya ce, "Saurara ka ji.

"A can ƙasa da nan, inda kogi yake yin gwiwa, an yi wani ɗan masunta da ya bar gida tun yana yaro ya shiga fatauci, Allah ya buɗa masa har ya zama Alhaji Arzika. Da furfura ta kama shi ya dawo garinsu da buri ɗaya: ya kama giwan ruwa da hannunsa, ko sau ɗaya, kamar yadda ubansa yake yi. Ya zo da fatsa irin ta ƙasashen waje, sandarta siririya kamar tsumagiya, a gindinta ga ɗan keke mai naɗe zare, a jikin keken kuma ga wani ɗan kunne da ake murɗawa a ɗaure zaren ko a sassauta shi. Ya zo kuma da akwati cike da kifayen roba masu ƙugiya a ciki, wani ja, wani kore, wani ruwan zinariya. Kullum sai ya buɗe akwatin ya daɗe yana kallo, ya zaɓi wanda ya fi girma da ƙyalli ya ɗaura. Kwana bakwai yana jifa, ban da ciyawa da wani tsohon takalmi ba abin da ya jawo.

"A gefen da yake zama akwai wata tsohuwa mai bandar kifi, ana ce mata Tabawa. A rana ta takwas ta kasa daurewa, ta ce, 'Alhaji, wa yake zaɓar maka wannan jan abin?'

"Ya ce, 'Ni ne, Iya. Duk akwatin ya fi kyau.'

"Ta ce, 'Wallahi yana da kyau. Kai za ka haɗiye shi?'

"Alhaji ya yi dariyar jin kunya. Tsohuwa ta yafuto shi, ta jawo wani giwan ruwa da masunta suka kawo mata, ta farke cikinsa a gabansa. Ga 'yan ƙananan kifaye farare tas, kowanne bai wuce tsawon yatsa ba. Ta ce, 'Shekara arba'in ina farke su. Ban taɓa jefa ƙugiya ba, amma ba wanda ya fi ni sanin abin da suke ci. A wannan watan ga abincinsu nan.'

"Ta ɗauko wani tsohon cokalin shayi, ta sa maƙeri ya yanke mariƙin ya huda bakinsa biyu. Aka saƙala ƙugiya a huda ɗaya, a ɗayar aka ɗaura 'yar waya tsawon taƙi, don kada kaifin kumatun kifin ya yanke zaren. Ta nuna masa wani kututture da ya nutse inda ruwa yake juyawa, ta ce ya jefa can, ya riƙa naɗowa a hankali yana ɗan tsayawa, yadda cokalin zai riƙa wulƙitawa kamar kifin da ya ji ciwo.

"A jifa na uku sanda ta lanƙwashe har tana neman taɓa ruwa. Keken ya shiga kuka, zare yana fita a guje. Alhaji ya ga kifinsa zai tafi, sai ya murɗe ɗan kunnen nan tamau, ya kafa ƙafa ya ja da iya ƙarfinsa. Zare ya tsinke, Alhaji ya zauna daɓas a cikin taɓo. Bai tashi ba, ya zauna yana kallon ruwa, idanunsa sun kawo ƙwalla.

"Tabawa ta ji tausayinsa. Ta ce, 'Tashi, Alhaji, ka gode wa Allah zare kawai ka rasa. Maigidana, Allah ya jiƙansa, abin da ya rasa ya fi haka.'

"Alhaji ya ce, 'Me ya rasa, Iya?'

"Ta goge hannu a zane, ta zauna a kan turmi, ta ce, 'Bari in gaya maka.

"'Maigidana ƙaƙƙarfa ne, shi kaɗai yake kifa jirgi ya tashe shi. Ba ya amfani da sanda, zaren kawai yake riƙewa a hannu. Wata rana da hantsi, ina amarya a lokacin, ina wanki a bakin ruwa ina kallonsa, wani giwan ruwa ya kama masa, irin wanda sai mutum biyu suke ɗauka. Kifi ya nufi zurfi. Masunta suna ta kiransa daga nasu jiragen, ka sakar masa, ka sakar masa. Shi kuwa, ga amarya tana kallo, ya ce ba a haifi kifin da zai ja shi ba. Ya naɗe zaren a hannu sau biyu, ya dafe bakin jirgi. Kifi ya yi fizga ɗaya. Zaren ya tafi da yatsunsa biyu, sannan ya tsinke. Ni na yi jinyar hannun. Shekara talatin yana cin tuwona da yatsa uku, kuma duk ran da aka yi zancen sai ya ce, da na ba shi gaba ashirin na zare, da ya gaji ya dawo da kansa.

"'To, Alhaji, kifin da ya ji zafin ƙugiya dole ya gudu. Gudun nan ba rabuwa ba ne muddin zaren yana hannunka. Ja da ƙarfi ne yake raba ku.'

"Alhaji Arzika ya koma wurin maƙeri da wani cokalin. Bayan kwana biyu kifi ya sake kamawa. Wannan karon ya sassauta ɗan kunnen. Kifi ya gudu, ya bar shi. Ya tsaya, ya naɗo kaɗan. Ya sake gudu, ya sake barinsa. Tun hantsi har rana ta take tsaka suna haka, sannan giwan ruwa ya taso da kansa ya kwanta a gefe ɗaya a gaban ƙafarsa. Aka ce ran nan Alhaji ya yi kuka yana kiran sunan ubansa, akwatin kifayen robar kuwa ya rataye su a ɗaki don ado, tun da dama shi suke burgewa."

Da zalɓe ya kai ƙarshen labarin, sai ya ce, "Ranka ya daɗe, riga da shinkafa da jirgi duk abubuwan da suke burge ka ne. Ka taɓa tambayar kanka abin da ke cikin Shekarau? Yanzu kuma ga shi ka shirya naɗe zare a hannu. In ƙartin nan suka ɗauro shi a gaban matarsa, za su kawo maka mutum, amma ƙane kam ka rasa shi har abada."

Korau ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago ya ce, "Fatsar Baba ce a cikinsa. Ita na karya, kuma ko sau ɗaya ban ambace ta ba a duk aiken da na yi. Kunya ta hana ni." Ya numfasa. "Tana nan a rufin ɗakina, gida biyu. Amma ni ban iya ɗaurinta ba. Shekarau ne Baba ya koya wa."

Zalɓe ya ce, "Ai na sani ba ka iya ba. Shi ya sa nake ganin ta fi riga."

Sarki ya sallami ƙartin, ya ce a mayar da igiyoyi inda aka ɗauko su. Bayan azahar ya ɗauko guntayen fatsar da ƙullin zare, ya shiga ƙaramin jirgi shi kaɗai, ba rawani ba ɗan rakiya, ya haye tsibirin. Ya yi sallama daga nesa, matar ta amsa daga cikin bukka, Shekarau kuwa yana gindin wata bishiya yana ɗinkin koma, ko ɗago kai bai yi ba. Korau bai matsa ba. Ya zauna a kan yashi inda za a iya ganinsa, ya haɗa bakin guntayen ya shiga naɗa zare. Ya ɗaure, ya ɗaga, ta ɓalle. Ya sake, ta sake ɓallewa. Da rana ta yi sanyi ya tattara ya koma gida.

Washegari ya dawo, haka jibi. Ba da gangan yake ɓata ɗaurin ba, iyakar iyawarsa ke nan, yatsunsa har sun yi kanta. A rana ta uku yana cikin fama sai ya ga inuwa a kansa.

Shekarau ya ce, "Yaya, ba haka Baba yake yi ba. Sai an fere bakin biyu a karkace tukuna, a shafa ƙaro. Kawo."

Korau ya miƙa masa da hannu biyu. Ya ce, "Shekarau, na yi maka laifi, na yi wa Baba. Hukuncin ruwa daban, abin da na yi daban. Ka yafe mini."

Shekarau ya zauna ya zaro wuƙa ya fara fira, idonsa a kan gorar. Can ya ce, "Na ji, Yaya. Amma ba zan koma tunga bana ba."

Nan take zuciyar Korau ta taso, har maganar ta zo masa baki, cewa shi ne babba kuma shi ne Sarki. Sai ya hango tsohon zalɓen can a bakin ruwa, tsaye da ƙafa ɗaya kamar bai san abin da ake ciki ba. Ya haɗiye maganar.

Ya ce, "To. Ka zauna har ran da ka ga dama. Yaya mai jego da yaron?"

Hannun Shekarau ya tsaya. Ya dubi wansa, karo na farko cikin wata uku. Ya ce, "Lafiya lau. Sunan Baba na sa masa." Ya ci gaba da fira, sannan ya ƙara da cewa, "Ƙaron ba zai bushe ba sai Juma'a. Ka dawo ran nan ka gani ko ta kamu. Ka zo da wuri, mu ci abinci."

Da Korau ya tura jirginsa, zalɓe ya taso ya sauka a goshin jirgin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ga ka dawo hannu wofi."

Sarkin Ruwa ya share ido da hannun riga, ya ce, "Na karɓi maganarka, tsoho. Ban zo da shi ba, amma zaren bai tsinke ba. Ran Juma'a zan dawo."

Ya sa filafili a ruwa, ya yi ta tuƙi a hankali, yana yi yana waiwayen tsibirin. Nan masu ba da labarin suka tsaya, mu ma nan muka ajiye shi.