Gafiya da Tsakuwoyin Bushiya

Kaka: To, kowa ya gyara zama. Ga ta nan tafe, ga ta nanku!

Yara: Ta ƙaraso mu ji ta!

Kaka: Ta ƙaraso. Kai Tanimu, ɗauke idonka daga kwanon Ladidi. Gyaɗar da na zuba mata ita na zuba maka. Buɗe kunnenka, ta yau da kai take.

Wai a bakin wani rafi akwai maƙwabta biyu, Gafiya da Bushiya. Ramin wannan yana kallon ramin waccan.

Gafiya mai abin hannu ce. Raminta ɗaki-ɗaki ne. Nan gero, nan gyaɗa, nan gujiya. Can ƙurya kuma tarkacen da ita kanta ba ta san amfaninsa ba. Duk abin da ta gani a hanya sai ta cusa a kumatu ta kai gida.

Bushiya kuwa ba ta da komai sai ƙayar bayanta, da 'yar butar duma, da wani faffaɗan dutse a bakin ruwa da take zama a kai. In ta samu ta ci. In ba ta samu ba ta gode Allah, ta naɗe ta yi barcinta.

Amma ga abin haushi. Bushiya ce kullum fuska a sake. Kurege ya zo wucewa, ya tsaya ƙofarta. Zomo ya zo, ya zauna hira. Kwaɗo ya kawo mata ƙarar matarsa. Ƙofar Gafiya kuwa sallama ce daga tsaye, a wuce.

Hassada ta kama Gafiya. Ta kama ta ƙwarai, har abinci ya daina yi mata daɗi. Ta ce, "Ni da rumbu, ita da ƙaya, amma ita ake gaisarwa? Akwai asiri a nan. Sai na tono shi."

Da asuba ta laɓe a bayan ciyawa. Sai ga Bushiya ta fito da butarta. Ta yi alwala, ta yi salla, ta hau dutsenta ta yi shiru. Ta daɗe tana duba abin da ya kwana a zuciyarta. Can sai ta ɗauki 'yar tsakuwa ta ce, "Jiya Kurege ya kira ni tsintsiyar ƙaya a gaban jama'a. Ya yi mini zafi. Na yafe masa, Allah Ka yafe mini nawa." Sai ta rera:

Tsakuwa, tsakuwa, ɗauki na jiya,
Rafi, rafi, wuce da shi,
Ni dai in wuni ba kaya.

Ta jefa ta a ruwa. Yaya ruwan ya ce?

Yara: Tsulum!

Kaka: Ta ɗauki wata ta ce, "Ni ma na yi wa Kwaɗo dariya da santsi ya kwashe shi. Ban kyauta ba. Allah na tuba." Ta rera, ta jefa. Sannan ta tashi sakayau, ta tafi neman abinci.

Gafiya ta ce, "Na gani! Dutsen ne."

Bushiya na juya baya, Gafiya ta hau mirgina dutse. Ta tura, ta yi nishi, ta tura, har ta kai shi raminta. Ta hau kai ta zauna wuni guda tana jiran farin ciki. Babu abin da ya zo sai ciwon gindi.

Gari ya waye, ta koma bayan ciyawa don ta ga kukan Bushiya. Bushiya ta zo, ta duba, ba dutse. Ta zauna a kan yashi. Ta ɗauki tsakuwa ta ce, "An ɗauke mini dutsena. Na saba da shi, raina ya ɓaci. Ko wane ne, na yafe masa."

Tsakuwa, tsakuwa, ɗauki na jiya,
Rafi, rafi, wuce da shi,
Ni dai in wuni ba kaya.

Yara: Tsulum!

Kaka: Gafiya ta ciji leɓe. Ta ce, "Ko zagi ba za ta yi ba? Ashe ba dutsen ba ne. Butar ce!"

Ta faki ido ta sace buta. Ta sha ruwan ciki, ta wanke fuska da shi, ta shafa a ƙirji. Ta fito ƙofar rami ta zauna tana jiran masu gaisuwa. Zomo ya zo ya ce, "Sannu," bai ko rage tafiya ba. Ya wuce wurin Bushiya, aka yi ta dariya Gafiya tana jiyowa.

Da asuba Bushiya ta zo ba buta. Ta kamfaci ruwan rafi da hannu ta yi alwalarta. Ta ɗauki tsakuwa ta ce, "Butar nan ta uwata ce. Wannan kam ya yi mini ciwo sosai." Hawaye ya zubo mata. Ta juya tsakuwar, ta sake juya ta, kamar ba za ta iya saki ba. Sannan ta ce, "Na yafe." Ta rera waƙarta da ƙyar, ta jefa.

Yara: Tsulum!

Kaka: Gafiya kamar ta fashe. Sai ta buga ƙirji ta ce, "Yau na gano! Tsakuwoyin ne! Shashashar ma zubar da su take yi a ruwa."

Kun san halin Gafiya, ba ta iya ganin an yar da abu. Ta shiga ruwan gefe tana lalube. Ta tsinto wannan, ta tsinto waccan, ta cusa a kumatu. Ba ta san kowace tsakuwa tana ɗauke da abin da aka ɗora mata ba. Tana sa ta farko a baki, sai ta ji zagin Kurege ya soke ta kamar ita aka zaga.

Ta tare shi a hanya ta ce, "Kai Kurege, ni za ka kira tsintsiyar ƙaya?"

Kurege ya ce, "Ke kuma ina kika ga ƙaya? Jikinki sumul kamar tulu!"

Ta ce, "To ga zagi na biyu!"

Haka ta bi gari tana faɗa a kan laifin da ba ita aka yi wa ba. Har kukan buta ta yi, alhali butar tana ɗakinta.

Bushiya ta ga abin ya yi yawa, ta leƙo ta ce, "'Yar'uwa, kumatunki sun kumbura. Haƙori ne?"

Gafiya ta ce, "Ba ruwanki."

Bushiya ta ce, "Ki zo gobe da asuba mu zauna tare a bakin ruwa. Ba wani abu ba ne. Zama ne, da faɗa wa Allah gaskiyar abin da ke ciki."

Gafiya ta kawar da kai. A ranta ta ce, "Ji makirci. Da abin kirki ne, ai ba za ta ba ni kyauta ba."

Ana nan, ana nan, rani ya yi tsanani, ciyawa ta bushe ƙayau. Rannan da hantsi mafarauta suka cinna wa daji wuta. Iska ta ɗauko ta ta nufo bakin rafi. Gabas wuta, yamma wuta, ba mafita sai ƙetare.

Mai fito a rafin nan wata tsohuwa ce, Iya Kififiya, ita ke haye da dabbobi a bayanta. Bayan nan nata kuwa ba ya jin nauyin kaya. Nauyin zuciya yake ji.

Kurege ya hau da buhun gyaɗarsa. Kififiya ta ɗan nutse. Ta ce, "Ɗan nan, da wa kake riƙe?" Kurege ya waiga ya ce, "Bushiya, ki yafe mini zagin da na yi miki!" Bushiya ta ce, "Wannan ai tuni rafi ya wuce da shi." Sai Kififiya ta taso sama, ta haye da shi har da buhunsa.

Zomo ya haye. Kwaɗo da matarsa suka shirya a bakin ruwa, suka haye. Bushiya ta hau, Kififiya ta ce, "Kin hau kuwa, 'yar nan? Ban ji komai ba."

Da suka sauka Bushiya ta duba ta ce, "Ina Gafiya?"

Zomo ya ce, "Tana can tana jan kaya. Ƙyale ta."

Bushiya ta ce, "Iya, mu koma."

Suka koma. Hayaƙi ya rufe gaɓa. Ga Gafiya da ƙunshin hatsi a ka, tana jan dutse, buta a wuya, kumatu tim. Bushiya ta ga dutsenta, ta ga butar uwarta. Ba ta ce komai ba sai, "Hau, 'yar'uwa."

Gafiya ta hau. Kififiya ta nutse har wuya. Ta ce, "Kai! Sauke abin da kika ɗauko."

Gafiya ta jefar da hatsi tana kuka. Kififiya ba ta taso ba.

Ta ce, "Sauke."

Gafiya ta ture dutse, ta cire buta ta miƙa wa Bushiya ba ta dube ta ba. Kififiya ba ta taso ba. Wuta kuwa ta iso ciyawar baki, tartsatsi na zubo musu.

Kififiya ta ce, "Sauke!"

Gafiya ta tofar da tsakuwoyi, suka zube a ruwa. Yaya suka ce?

Yara: Tsulum! Tsulum! Tsulum!

Kaka: Amma Kififiya ba ta taso ba. Ta ce, "'Yar nan, duk waɗannan ba su dame ni ba. Saura guda, tana ƙasa da kumatu. Hannu ba ya ciro ta, sai baki. Faɗe ta, ko mu ƙone a nan."

Gafiya ta dubi wuta. Ta dubi ruwa. Gashin bayanta ya fara ƙauri. Sai ta fashe da kuka ta ce, "Baƙin cikin Bushiya nake yi! Ba ta da komai, amma ta fi ni kwanciyar rai. In ta yi dariya sai in ji kamar an kwashe mini rumbu. Ban so dutsenta ba, ban so butarta ba. So na yi ta rasa abin da ni na rasa. Allah na tuba!"

Nan take Kififiya ta taso sama kamar ƙwarya. Ta kama iyo. Gafiya ta ji wani sanyi da ba ta taɓa ji ba tun da uwarta ta haife ta. Sai ga fari ya fara daga ƙarshen wutsiyarta, fari tas, yana hawowa a hankali. Kififiya ta ce, "Wankin ciki ne ya fito waje. Bar shi ya game jiki."

Fari na hawa, suna matsowa gaɓa. Ya kai rabin wutsiya. Sai dabbobin da ke ƙetare suka hango su, suka ɗauki guɗa da kirari: "Bushiya mai farar zuciya! Bushiya da ta koma cikin wuta! Allah Ya yi miki albarka, Bushiya!"

Gafiya ta kasa kunne. Ta jira ta ji sunanta. Ba wanda ya kira shi.

Farin nan ya tsaya cak.

Akwai wata 'yar tsakuwa da ta maƙale a gefen ƙoƙon bayan Kififiya. Gafiya ta dube ta. Bushiya ta ce, "Kar ki ɗauka, 'yar'uwa. Saura kaɗan mu isa." Gafiya ta miƙa hannu ta ɗauka, ta cusa a kumatu.

Kififiya ta karkace. Gafiya ta sulale cikin ruwa.

Yara: Tsulum!

Kaka: A'a, wannan ba tsulum ba ce, tsundum ce! Bushiya ta yi wuf ta cafke wutsiya. Ta riƙe, ruwa na ja, ta riƙe, har Kififiya ta kai su gaɓa. Aka jawo Gafiya kan yashi tana aman ruwa.

Da ta buɗe ido, kun san abin da ta fara faɗa? Ba ta ce na gode ba. Cewa ta yi, "Ni na kusa mutuwa, amma ke ake yabo."

Ta tashi ta haƙa sabon rami nesa da kowa, ta shige. Jikinta ya haye rafi, zuciyarta tana can inda ta baro ta.

Washegari da asuba Bushiya ta zo bakin ruwa da butar uwarta. Ta ɗauki tsakuwa, ta kira sunan Gafiya, ta yafe, ta jefa. Sannan ta matsa gefe ta bar wurin zaman mutum ɗaya a kusa da ita. Wai har yau kullum sai ta bar wurin nan, kuma har yau ba a zo an zauna ba.

Shi ya sa in kun ga gafiya, za ku ga rabin wutsiyarta fari, rabi baƙi. Wankin da aka fara ne ba a gama ba. Shi ya sa kuma take ta tara tsakuwa da tarkace a rami, tana neman abin da ba a tsintarsa a ƙasa. Tsira ba a kaya take ba, a zuciya take. Ita kuwa zuciya kullum ake wanke ta, don wankin jiya ba ya isar yau.

Kai Tanimu, me kake tura wa Ladidi a ɓoye? Gyaɗar da ka ɗebe mata ce? To, mayar a fili, ka faɗa da bakinka. Yauwa. Juyo in ga wutsiyar taka ko ta fara fari.

Ƙurunƙus! Yau kan gafiya ne, ɓera ya huta.