Karkataccen Sajen Nomau

An yi wani mutum a wani gari, tun lokacin da reza ba ta gama kasuwanni ba, wani bawan Allah wanzami ana ce masa Tunau. Zabirarsa ita ce gonarsa. In ya wasa aska ya kama haɓar mutum, sai ka ga mutumin yana gyangyaɗi don laushin hannu. Ku saurara, jama'a. Ku na baya, ku bar ƙus-ƙus ɗin nan, da ku nake!

Wata ranar kasuwa Nomau mahauci ya zauna masa gyaran fuska. Shi Nomau tun yana saurayi wutar tukuba ta lashi kuncinsa na dama, gashi ba ya fita a wurin sai tsiraru. Kullum Tunau kan rage sajen hagu ya yi siriri, don su zo daidai. Ran nan ya jiƙa kunci, ya ɗora aska, sai ya tsaya cak. A ƙarƙashin sajen hagu ga wani tabo fari fat, kamar an ɗiga nono.

"Ka gani ko, Wanzam?" in ji Nomau, murya ƙasa-ƙasa.

"Na gani. Albaras ne. Ba kuturta ba ce, ba ya kama kowa."

"Kai ka san haka. Mutanen garin nan fa? Wa zai ƙara sayen nama a hannuna? Don Allah ka rufa mini asiri."

Tunau ya ce to. Ya bar sajen hagu da kauri da faɗi har ya rufe tabon. Nomau ya tashi da fuska gefe ɗaya daji, gefe ɗaya fako.

Yana isa rumfar fawa aka fashe da dariya. "Nomau, wa ya yi maka wannan aika-aika?"

Ku ji amsar da ya ba su. Ku ji fa! Ya ce, "Wa kuwa? Tunau mana. Ido ya tafi, hannu na rawa."

Kafin kasuwa ta watse magana ta gama gari. Masu gyaran fuska suka janye. Aka yi haihuwa a gidan da kakan Tunau ma shi ke musu askin suna, aka kira wani wanzami daga ƙauye. Wa zai miƙa kan jariri ga mai rawar hannu?

Matarsa Tabawa ta tare shi a tsakar gida. "Maigida, jiya na ga ka zura zare a allura ba ka ko lumshe ido ba. Wace rawa? Me ke fuskar mutumin nan?"

"Gashi."

"Gashi! To mu ci gashin!"

Kada ku ɗauka abin bai dame shi ba. Ya dame shi ƙwarai. Da Nomau ya dawo, don dole ya dawo, Tunau ya kama haɓarsa da ɗan ƙarfi ya ce, "Kai wane irin mutum ne? Ina rufa maka asiri, kana yi mini tsirara a kasuwa?"

"To me kake so in ce musu, Wanzam?"

"Ka ce ado ne! Ka ce daga birni ka gano! Sai ni?"

Ga aska tsaye a bakin sajen. Ga mutane na wucewa. Ja ɗaya kawai, sunansa ya wanku. Tunau ya yi istigfari, ya goge askar a tafin hannu, ya sake barin sajen yadda yake. Nomau kuma ya sake komawa rumfa ya ce tsufa ne.

Ana nan sai wani Gwadabe ya sauka garin da reza, da sabulu mai kumfa, da madubi. Mahauta suka ce yau za a raba Nomau da wannan fuska. Suka ɗauke shi cak, yana ihu suna dariya, suka danne shi gaban Gwadabe. Kumfa, reza, shuu! Tabo ya bayyana.

Gwadabe ya yi wurgi da reza. "Kuturta!"

Waɗanda suka riƙe shi suka sake shi suna goge hannu a riga. Naman Nomau ya wuni a tebur, sai ƙuda.

Tabawa ta ce, "Alhamdu lillahi, Allah ya wanke ka."

Tunau ya rataya zabira yana tsaki. Ya sami Nomau a zaure ya rufe fuska da rawani, ya jawo shi har tsakiyar kasuwa, ya zaunar da shi. Ya gyara masa fuska tas, hagu da dama. Sannan da wannan askar, ko gogewa bai yi ba, ya gyara nasa gemun.

"Tun damina nake taɓa kuncin nan," ya ce. "Ku zo ku duba hannuna. Ina kuturtar? Kai Nomau, yanko mini tsoka, yunwa nake ji."

Wani dattijo ya ce, "Wanzam, ashe ka sani, ka bari ana zaginka?"

"Fuskarsa ya miƙo mini, Baba, ba labari ba."

Dattijon ya daɗe yana kallonsa. Sai ya matso ya zauna, ya ɗaga hularsa kaɗan yadda Tunau kaɗai zai ga abin da ke ɓoye a ƙarƙashinta. Bayansa wani ya zauna, bayan wannan wani. Kafin la'asar wasu sun koma rumfar Nomau. Nomau ya zo zai durƙusa, Tunau ya ce, "Tashi ka ba ni wuri, kana tare mini haske."

To, 'yan'uwa, asirin da aka ba ka amana ne, ko mai shi ya cuce ka. Amma mu fa? Tela ya auna mutum, kafin ya kai gida gari ya san girman tumbinsa. Mai kemis ya sayar da magani, majalisa ta san ciwon. Ɗan'uwanka ya ɓata maka rai da safe, da azahar ka zazzage duk abin da ya taɓa gaya maka, kana cewa ai shi ya fara. Haba jama'a! Wanda ya rufa asirin wani, Allah zai rufa nasa. Kowa a nan ya taɓa hularsa, ya tuna abin da ke ƙarƙashinta. Allah ya rufa mana asiri.