Kulocin Kaza Wake-Wake

"Ku matso kan tabarma, ku bar mintsinin juna," in ji Gwaggo Dije. "To, ga ta nan, ga ta nanku, masu kunnen ƙashi."

"Ta zo mu ji ta, Gwaggo!"

Wata kaza ce wake-wake, a garejin wani bakanike da ake ce wa Sallau. Duk faɗin garin nan ta rasa inda za ta saka ƙwai sai ƙarƙashin wata tsohuwar akori-kura da aka kawo gyara. Sai ta saka abinta, ta hau kwanci. Ba ta da buri a duniya sai ta ga ƙwan nan ya ƙyanƙyashe.

Maƙwabciyarta kuwa Agwagwa ce, wadda ta taɓa zama a kwatar bayan firamare. Tun daga nan take ganin ta fi kowa boko. Sai ta zo tana rangaji.

"Sannu da kwanci, Wake-Wake."

"Yauwa, Malama. Ina nan a kan ƙwaina."

"Ƙwai? Haba, ƙauyanci! Ƙwan da kaza ta tara ta hau kai, da Turanci sunansa kuloci. Ran da suka fasa suka fito, a ce sun yi haci. In 'yan tsakin suka jeru a bayanki, burud ke nan."

"Burodi?"

"Burud! Kunnenki dai sai a hankali. Kyanwa ma in ta zuba 'ya'ya, lita ake ce musu."

"Lita irin ta fetur?"

"Ita fa."

Sai Kaza ta ji daɗi har cikin ranta. Daga ranar, kowa ya ce mata ina gajiya, sai ta ɗaga wuya ta ce, "Kuloci na nan lafiya lau."

"Gwaggo, wallahi haka malaminmu ya faɗa," in ji Hansai, ɗaya daga cikin yaran.

"To wa ya ce ƙarya ne? Rufe mini baki, ke ma 'yar agwagwar ce."

Ana nan, sai direban motar, Ilu, ya zo a tayar da ita. Ya shiga ya zauna. Sai Sallau ya leƙa inji ya ce, "Ilu, taka kuloci!"

Kulocin mota yake nufi, amma Kaza ta ɗauka nata ne. A taka mata 'ya'ya, tana raye? Sai ta fito fuu, ta faɗa cikin mota, ta kama babban yatsan ƙafar Ilu da sara. Ilu ya diro yana tsalle da ƙafa ɗaya, yana cewa, "Sallau, kazar nan taka tana da aljanu!" Ita kuwa ta koma tana haki, ta ce, "Gobe ma ka taka."

Kashegari suka sake tayar da mota. Sai Sallau ya shinshina ya ce, "Ina jin ƙauri. Kulocin nan ya ƙone."

Sai Kaza ta miƙe zumbur. Ta taɓa ƙwai ta ji ɗumi. Ɗumin jikinta ne fa, sakarar! Sai ta ruga tana ihu, "Malama, gobara! A kawo ruwa!" Agwagwa ta faɗa kwata, ta jiƙo fukafukai, ta zo ta karkaɗe a kan ƙwai, ta koma ta sake jiƙowa. Ƙwai ya yi sanyi ƙalau, ga wari. Kaza ta wuni a kai tana atishawa kafin ɗumi ya dawo. Agwagwa ta ce, "Kin ga amfanin ilimi? Da yanzu sun zama toka."

Wanshekare kuma sai Sallau ya jefar da sifana ya ce, "Ilu, ba ya gyaruwa. Cire kulocin nan za mu yi, mu yar, mu sa sabo."

Kaza ta ce, "Ku sa sabo? Ku ne za ku saka shi?" Sai ta jira suka tafi masallaci. Ta dinga mirgino ƙwan da baki, ɗaya bayan ɗaya, har ta fitar da su daga ƙarƙashin mota. Ku tambaye ni ina ta kai su. Gindin bencin da suke zama su ci abinci! Da can ba wanda ya san da ƙwan nan. Yanzu ga shi a fili, kamar an kasa a kasuwa.

Da suka dawo, sai Sallau ya duƙa zai ɗauki buta. Ya ce, "Kai Ilu, arziki! Ga ƙwai. Ɗebo mu kai wa mai shayi ya soya mana da albasa."

Kaza ta ji da kunnenta sarai. Sai ta girgiza kai ta ce, "Allah sarki, wata baiwar Allah za ta yi asara yau. Ni dai alhamdu lillahi, kuloci gare ni." Ta gyara zama, har da lumshe ido.

Sai ta ji hannu a ƙarƙashinta. Ya zaro ɗaya. Ta ce ko kuskure ne. Hannu ya dawo ya zaro na biyu. Nan Turanci ya gudu ya bar ta. Ta ƙwalla, "Wayyo ƙwaina! Ƙwaina, jama'a!" Ta yi sama ta dira a fuskar Ilu, fiffike ta ko'ina. Ilu ya saki abin da ke hannunsa ya kare ido.

Ɗaya ya faɗa kan tsumman goge inji. Ya tsage, sai ga ɗan tsako ya leƙo, jiƙe sharkaf, yana tsiyau-tsiyau. Ɗayan kuwa kan ƙarfe ya faɗa. Na cikinsa bai ko motsa ba.

Sallau ya ce, "Subhanallahi, ashe sun kusa fitowa. Bar mata abinta, Ilu." Kafin la'asar sauran duk suka ƙyanƙyashe, suka shige ƙarƙashin uwarsu. Amma ita idonta na kan ƙarfen nan, ranta ya ɓaci ƙwarai.

Sai ga Agwagwa da rangajinta. "Barka, barka! Sun yi haci! Shi kuma wancan da ya fashe, da Turanci ana ce masa..."

"Malama," in ji Kaza, "wannan ɗana ne. Da Hausa zan yi kukansa."

Ƙurunƙus kan kusu, na ɗora shi a kan wanda ya fara gyangyaɗi. Ku koyi Turancinku, ban hana ba, Hansai da ke nake. Amma kada sabon suna ya sa ku kasa gane naku in an ambace shi. Ku tashi, a naɗe mini tabarma.