Ranar da Mu'mina ta fara rabon kayanta

Akwai wani dillalin shanu a unguwar Gomari, ana ce masa Alhaji Kashim. Bai taɓa ɗaga hannu ya doki ɗa ba, kuma yana alfahari da hakan. Horonsa shiru ne. In ka yi masa laifi, sai ya ɗauke maka wuta har sai ya ga dama.

'Yarsa Mu'mina, mai shekara goma sha bakwai, ita ya ɗora wa burin zama likita. Da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, makinta bai kai ba. Alhaji ya dubi takardar, ya ce, "'Yar maƙwabcinmu da ta ci, kai biyu gare ta?" Daga ranar ko gaisuwarta ba ya amsawa.

Bayan wasu makonni, sai Mu'mina ta fara rabon kayanta. Lafayarta ta sallah ta ba ƙanwarta. Littattafanta ta kai wa ƙawarta. Ta bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya tana cewa su yafe mata. Mahaifiyarta ta ji daɗi, Alhaji kuma ya ce a ransa horo ya yi aiki.

Wata Asabar da hantsi, yayar Alhaji, Ya Bintu, ta zo daga unguwar Shehuri a keke napep. Tsohuwar ma'aikaciyar jinya ce, mace mai son bin diddigi. Suna gama gaisawa, Mu'mina ta cire 'yan kunnenta ta sa mata a hannu.

"Gwaggo, ki riƙe. Kuma ki yafe mini."

Ya Bintu ta juya 'yan kunnen tana kallo. Yarinya ba aikin Hajji za ta ba, ba ciwo take ba. To, neman gafarar na mene ne? Ta ja ta ɗaki ta turo ƙofa.

"Tafiya za ki yi?"

"A'a. Kawai dai in ba na nan, kowa zai huta."

Ya Bintu ba ta yi salati da ƙarfi ba, ba ta kuma fara wa'azi ba. Ta riƙe hannunta ta ce, "'Yata, gaya mini gaskiya. Kina tunanin kashe kanki?"

Mu'mina ta gyaɗa kai, sai hawaye.

Ya Bintu ba ta bar ta ita kaɗai ba ko na minti ɗaya. Ta kira ƙaninta Alhaji a waya, ya baro kasuwar shanu ya dawo. Ta gaya masa abin da Mu'mina ta faɗa.

"A gidana?" in ji Alhaji. "Ci ta rasa ko sutura? Ko dukanta na taɓa yi?"

"Ni ma abin da nake son sani ke nan, Kashim. Tambaye ta. Amma ka rufe baki ka ji amsar."

Ya zauna a bakin gado kusa da Mu'mina. Da ƙyar ya ce, "Me ya yi zafi haka?"

"Baba, yau kwana arba'in da uku ba ka kira sunana ba. Da dukana ka yi, da an gama."

Alhaji ya cire hula ya ajiye. Shi bai ƙirga ba. Ashe ita kullum tana ƙirgawa.

A ranar suka kai ta asibiti wajen likitan ƙwaƙwalwa, aka fara duba ta. Alhaji ya tambayi likitan, "Ni kuma fa, me zan yi?"

"Kullum ka tambaye ta yaya take. In ta ce lafiya, kada ka tashi."

Kwana tara tana cewa lafiya, yana zaune. A na goma ta fara magana, ba ta tsaya ba har aka kira la'asar. Nan ya ji cewa jini ma tsoronsa take, aikin gona take son karanta.

Bana tana aji biyu a jami'a tana karanta aikin gona, kuma har yanzu tana ganin likitanta.

Darasi: Tarbiyya ba ta hana tausayi. Ka tsawata wa ɗanka, amma kada ka rufe masa ƙofar magana. In ka ga yaro ya janye jiki, yana rabon kayansa, yana bankwana ba dalili, tambaye shi kai tsaye, ka saurara, ka kai shi ga likita. Tura wa iyayen da ka sani, wataƙila a gidansu akwai mai ƙirga kwanaki.