Keken da Ya Fi Liyatu Girma

A gindin waɗansu duwatsu, inda hanyar mota take ƙarewa, akwai wani manomi. Dogo ne, irin mutanen nan da sai sun sunkuya kafin su shiga ɗaki, kuma ba ya yin abu ƙarami. In zai gina rumbu, nasa ne zai fi na kowa tsayi. Ranar godiyar kaka a majami'a, damin dawarsa sai mutum biyu sun kama. Kada ku yi masa mummunar fahimta, ba mugu ba ne, hannunsa a buɗe yake. Sai dai a wurinsa, abin da bai cika ido ba, bai isa a ba wanda ake ƙauna ba.

Yana da 'ya mai suna Liyatu. Ita kuwa gajeriya ce, jikin uwarta ta ɗauko. Ta je ta yi karatun kiwon lafiya ta dawo, aka ɗauke ta aiki a ƙaramin asibitin ƙauyen. Aikinta shi ne kai allurar rigakafin yara zuwa ƙauyukan da suke bayan dutse. Maganin nan ba ya son zafi. A cikin akwati mai ƙanƙara ake sa shi, in ƙanƙarar ta narke kafin a isa, to, magani ya lalace, sai zubarwa. Mota ba ta bin hanyar, asibitin kuma ba shi da babur. Da ƙafa Liyatu take kaiwa ƙauyen da yake kusa, na can nesa kuwa ƙanƙara ba ta jiran tafiyar ƙafa.

Manomin nan fa, tun ranar da 'yarsa ta sa farar riga, ba a ƙara yin hira da shi ba a ji sunanta ba. A gona Liyatu, a kasuwa Liyatu, a bakin majami'a Liyatu. Da ya ji abin da yake hana ta kaiwa nesa, sai ya ce a ransa, “Ina raye 'yata za ta gaza saboda keke?” Ya sayar da dankalin da ya noma, ya tafi birni bai gaya wa kowa ba.

A birni ya sami mai sayar da kekunan hawan dutse, masu kaurin taya, da sifirin a gaba, baya kuwa ƙarfe ne zalla. Mai shagon ya nuna masa ya ce, “Baba, sifirin na gaba shi yake shanye dukan dutse. Na baya kuwa ƙafafun mai hawa ne, sai ya iya ɗagawa daga sirdi ya yi baya da jikinsa. Ga su nan iri ɗaya, amma bodinsu ya bambanta, akwai ƙarami, akwai matsakaici, akwai babba. Wa zai hau?”

Ya ce, “'Yata ce. Ma'aikaciyar asibiti ce.”

Mai shagon ya ce, “Da ka zo da ita ta gwada. Keken nan kamar takalmi yake, kowa da nasa.”

Manomin ya yi dariya ya ce, “Takalmin ma ai babba nake saya musu tun suna yara.”

Gaskiya ya faɗa, gama haka ake yi a wurinsu. Rigar makaranta a ɗinka ta har ƙasa, takalmi a cusa masa tsumma a gaba, yaro zai girma ya cika shi. Abin da ya manta shi ne, Liyatu ta gama girma tuntuni. A idonsa kuma babu macen da ta kai ta a ƙauyen nan, to yaya za a ce ita ce a kan ƙaramin keke? Ya jawo babban, ya ɗaga ƙafa ya tsaya a kansa, ya kama kan keken, ya ji daidai da shi. Ya ce, “Wannan.” Mai shagon ya ƙara magana, amma kunnen Baba ya riga ya rufe.

Sa'ad da ya iso gida, ƙauye ya taru. Maza suna matsa taya, mata suna guɗa, fasto ya ɗora hannu a kan sirdi ya yi addu'a. Liyatu ta durƙusa ta yi godiya. Da ta miƙe ta tsaya kusa da keken, ta ga ƙarfen tsakiya ya kusa kai mata kugu. Ta dubi fuskar ubanta, bakinsa har kunne, sai ta haɗiye abin da ta gani.

Daga ranar, kowace safiya takan goya akwatin magani, ta tura keken da hannu har ta sha kwana. Ubanta yana gani yana jin daɗi, yana ce wa maƙwabta, “Kun ga tarbiyya? Ba ta hawa a gaban manya.” In ta dawo da yamma tana ɗingishi, ya ce gajiyar aiki ce.

Ana nan, sai babbar ma'aikaciyar asibitin ta zo gaishe shi. Bayan gaisuwa ta ce, “Baba, ba na so ka ji a bakin wani. Magani ya lalace a hannun Liyatu, ba sau ɗaya ba. Yaran bayan dutse har yanzu suna jira. In ya sake lalacewa, dole in ba wani aikin.”

Ran manomin ya ɓaci ƙwarai. Da keke irin wannan a ce ba ta isa a kan lokaci? Har ya fara zargin ko tsayawa hira take yi a hanya. Washegari ya riga ta fita, ya hau gonarsa ta kan tudu, inda ake hangen hanyar, ya zauna a bayan wani dutse.

Ga Liyatu nan tafe tana tura keke. Ta nemi wani dutse a gefen hanya, ta taka shi, sa'an nan ta iya hawa. Hannuwanta suka miƙe sambal, ƙirjinta ya kusa kwanciya a kan ƙarfe, yatsunta da ƙyar suke taɓa birki. A miƙaƙƙiyar hanya ta ɗan yi tafiya. Da ta iso gangara mai tsakuwa, tayar baya ta daki dutse, ta nemi ta ɗaga ta yi baya, tsawon keken ya hana ta. Ta ja birki ta sauke ƙafa, ƙafar ba ta sami ƙasa ba. Keke ya kwanta da ita. Ko a faɗuwar, akwatin ta tare da jikinta, ta bar gwiwarta ta sha dutse. Ta tashi, ta duba murfin akwatin, ta ɗaga keken, ta ci gaba da turawa. Yadda ta yi abin nan babu ko tsaki, uban ya gane ba yau ta fara ba.

Ya sauko ya kira ta. Ya kama sirdi zai sauke mata shi, ya tarar tuni ta sauke shi har ƙarshe. Ya ce ta tsaya a kan keken ya gani. Ta tsaya, ƙafa ɗaya a kan yatsu, ɗaya tana lilo, ƙarfen tsakiya ya tokare ta.

Ya ce, “Liyatu, me ya hana ki gaya mini?”

Ta sunkuyar da kai ta ce, “Baba, gari duka ya ga ranar da ka kawo shi. Ban so a yi maka dariya ba.”

Maganar nan ta fi faɗuwar yi masa zafi. Ashe shi yana yawo da ƙirji a buɗe, 'yarsa tana biyan girmansa da gwiwarta, har tana shirin rasa aikin da yake fahariya da shi. Ran nan ƙauyen kusa kaɗai suka kai, shi yana tura keke, ita tana goye da akwati.

Yanzu fa ga abin da ya rage masa. Mayar da keken yana nufin duk wanda ya yi guɗa zai sani. Zai iya fita da shi ta bayan gari ba wanda ya gani, kuma tunanin ya zo masa. Amma mutumin nan, na ce muku, ba ya yin abu ƙarami. Ranar kasuwa ya zaɓa, da rana tsaka, ya turo keken ta tsakiyar ƙauye, Liyatu tana biye. Maƙwabta suka ce, “Baban Liyatu, ina za a kai doki?”

Ya tsaya ya ce, “Mayar da shi zan yi. Da jikina na auna, ba da na mai hawa ba. Laifin nawa ne, ba nata ba.”

A birni mai shagon bai ce ai na faɗa maka ba. Ya karɓi babban, ya sa Liyatu ta tsaya a kan matsakaici. Ƙafafunta suka taɓa ƙasa, amma ƙarfen yana manne da ita, hannuwanta kuma har yanzu a miƙe. Manomin ya so ƙwarai a tsaya a nan, don matsakaici ko ba kome yana da ɗan kwarjini. Ya buɗe baki, ya dubi gwiwar 'yarsa, ya rufe. Aka jawo ƙaramin. Ta tsaya a kansa, tafin ƙafafunta biyu a ƙasa daram, ga sarari tsakaninta da ƙarfen har hannu ya shige. Ta kama kan keken, gwiwar hannunta ta ɗan lanƙwasa, yatsunta suka zauna a kan birki. Mai shagon ya ɗaga mata sirdi, har ya zama in feda ta kai ƙasa, ƙafarta takan miƙe saura kaɗan. Ta zaga filin shagon ta dawo. Uban ya ga kafaɗunta sun sauka.

Da suka dawo gida ba wanda ya yi guɗa. Wani ma cewa ya yi, “Wannan ai na yara ne.” Maganar ta soke shi, ba zan ɓoye muku ba, amma ya wuce abinsa.

Ranar da za a kai magani ƙauyen can nesa, manomin ya yi sammako ya tafi da ƙafa. Ya tarar da mata sun taru a gindin ɗorawa da jarirai a baya, waɗansu suna cewa yau ma zaman banza za a yi. Ya sami wuri ya zauna, idonsa a kan dutse.

Rana ba ta yi zafi ba tukuna sai ga farar riga a saman gangara. Liyatu ta ɗaga daga sirdi, ta yi baya da jikinta, gwiwoyinta suna shanye dukan dutse, keken yana bin inda ta nuna masa. A wata kwana shanu suka tare hanya. Ta ja birki, ta sauke ƙafafu biyu, ta tsaya cak. Shanu suka wuce, ta taka feda ta gangaro har gindin ɗorawa. Ta kwance akwati ta buɗe, ga ƙanƙara nan da ƙarfinta. Mata suka fara kwance goyo.

Wata tsohuwa da take kusa da shi ta taɓa shi ta ce, “Bawan Allah, 'yar wa ce wannan?”

Ya miƙe tsaye da dukan tsawonsa, hawaye yana bin gemunsa, bai kuwa share ba. Ya ce, “Tawa ce, Iya. Ni na haife ta.”

To, 'yan'uwa, ga ma'anar misalin nan. Manomin, mu ne: iyaye, dattawan ikkilisiya, malamai, duk mai wani a ƙarƙashin hannunsa. Keken kuwa shi ne abin da muke ɗora wa waɗanda muke ƙauna, ko karatu ne, ko sana'a, ko muƙami a majami'a, ko irin rayuwar da muka ga ta dace da sunan gidanmu. Da ƙauna muke yi, ba wanda ya musa. Amma sau da yawa da jikinmu muke aunawa, da idon maƙwabta kuma. Muna zaɓen abin da za a yi wa guɗa, mu bar mai hawa da gangara.

Allah ba haka yake ba da kyauta ba. Shi ya yi dogo, shi ya yi gajere, ya kuwa san tsawon ƙafar kowa. Aikin da ya auna maka, ko mutane sun ce na yara ne, shi ne zai kai magani inda ake jira. Kai da kake hangen babbar kujera a ikkilisiya, ka fara tambayar kanka ko za ka iya tsayawa in hanya ta yi gangara. Ke kuma da kike shiru irin na Liyatu don kada ki kunyata babba, ladabinki yana da kyau, amma ki tuna akwai yara a bayan dutse da shirun nan yake cuta. Ki faɗi gaskiya cikin ladabi.

Ku lura kuma, manomin nan bai rasa girmansa ba ranar da ya tsaya a kasuwa ya ce laifin nasa ne. Fahariyarsa ta farko a kan ƙarfe take, ta biyu kuwa a kan 'yar da Allah ya ba shi, kuma ta biyun ce Ubangiji ya sa wa albarka.

Na san a cikinmu yau akwai mai ɗa ko 'ya, ko mata, ko ƙane, da yake fita da murmushi kowace safiya, sai ya sha kwana ya fara tura abin da muka saya masa. In kun koma gida, kafin a zuba abinci, ku kira shi ku zaunar. Ku tambaye shi ko ƙafarsa tana taɓa ƙasa, sa'an nan ku yi shiru har ya gama ba ku amsa.