Sandar Baba Iorhemen

Akwai wani manomin doya a wani ƙauye kusa da Gboko, sunansa Iorhemen. Ciwon ido ya tafi da ganinsa, asibiti suka ce sai haƙuri. Matarsa Mnguember ba irin azumi da addu'ar da ba ta yi ba. Shiru kake ji.

A wani taron addu'a, Dattijo Tyokase, wanda ke ganin duk ikilisiya ba mai bangaskiya kamarsa, ya fizge sandar Iorhemen ya karya ta a gwiwa.

"Sandar nan ce ta hana ka warkewa! Taka da bangaskiya!"

Bawan Allah ya taka, ya yi tuntuɓe da benci, ya fasa leɓe. Jama'a kuwa sai tafi suke, wai Shaiɗan ne ke fita. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Daga ranar Iorhemen ya daina zuwa coci, ko addu'ar cin abinci ba ya yi. "Na gaji da roƙo," in ji shi.

Da abin ya ishi Mnguember, ta kwashi guntayen sandar ta zube su a gaban Tyokase.

"Sannu, mai buɗe idon makafi! Ido bai buɗe ba, coci ma ka raba shi da ita. Tunda ka karya sanda, daga yau kai ne sandar."

Kunya ta sa Tyokase ya je gidansu ran Lahadi. Da ƙyar Iorhemen ya ba shi hannu. Suna cikin tafiya Tyokase ya soma: "Da dai ka ƙara azumi..."

"Dattijo, rufe min baki ka kalli hanya."

A ƙofar coci Iorhemen ya tsaya, ya ce: "Ubangiji, har yau ban ga komai ba, kuma ina jin haushinka. Amma ga ni, na zo."

Sai hawaye suka zubo wa Tyokase. Bai taɓa yin addu'a mai gaskiya irin wannan ba.

Idon Iorhemen bai buɗe ba har ya koma ga Ubangiji. Tyokase ya sassaƙo masa sabuwar sanda, amma duk Lahadi shi ke zuwa ya riƙe masa hannu.

Darasi: Rashin warkewa ba rashin bangaskiya ba ne. In ba ka da maganin ciwon ɗan'uwanka, kar ka ƙara masa da zargi, miƙa masa hannu. Ku tura wa wanda ya gaji da jiran amsar addu'a.