Kura Ta Je Aron Rigar Shak

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu ƙaru.

Zaki ya ce Kura da Kunkuru su yi tseren kwalekwale, wanda ya ci shi ne Sarkin Jirgi. Kunkuru ya duba ƙasan jirginsa, gansakuka da katantanwa sun manne sun yi masa nauyi. Sai ya je wurin Shak, babban kifin teku, ya tsaya nesa kaɗan.

"Yallaɓai, me ya sa komai ba ya manne maka?"

Shak ya ce, "Shafa bayana ka ji, na riga na ƙoshi."

Kunkuru ya shafa, ya ji ƙananan layuka masu kaushi daga kai zuwa wutsiya, inda ruwa ke bi. Ya koma ya sassaƙa irinsu a ƙasan jirginsa. Jirgi ya riƙa gudu kamar an kore shi.

Kura ta gani, ta ce, "Kai wahalalle ne! Ni rigar Shak ɗin kanta, fatar bayansa, zan aro in shimfiɗa wa jirgina."

Ta je ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, aron riga na zo, jibi in dawo da ita a wanke."

Shak ya ce, "Haba, 'yar uwa, riga har wani abu ce? Matso, maɓallinta yana cikin bakina."

Ta leƙa, ta ga haƙora jeri-jeri, ta juya da gudu, amma sai da ya gatsi ƙugunta. Kunkuru ya ci tsere ya sha naɗi, ita kuwa Kura har yau bayanta a sauke take tafiya.

Ƙurunƙus kan ɗan kifi!